Falon manya a filin jirgin Tamale: a gyara, amma a fara da zauren kowa

Tun da aka buɗe sabon ginin fasinjoji a filin jirgin saman Tamale, akwai wata magana da ke yawan fitowa daga bakin mutanenmu masu yawan hawa jirgi. Cewa suke gini ya yi kyau, madalla, amma mutumin da ke zuwa Accra sau uku ko huɗu a wata ya cancanci falon hutawa na musamman irin wanda suke gani a Doha ko Istanbul: kujeru masu laushi, shayi da abinci, intanet mai ƙarfi, da wurin da zai buɗe kwamfutarsa ya yi aiki ba hayaniya. Ni malamin makaranta ne a nan Sakasaka, albashina bai kai in riƙa hawa jirgi kowane wata ba. Duk da haka ina ganin maganar ta shafe ni, ta kuma shafi duk wanda ke karanta wannan shafi. Ra'ayina shi ne a yi musu falon, a kuma yi shi da kyau, amma bisa sharuɗɗa uku: masu zama a ciki su biya da aljihunsu, ƙofarsa ta buɗu ga duk wanda ya biya ko da ba shi da muƙami, kuma kada a sa masa ko kujera ɗaya kafin zauren sauran jama'a ya samu abin da matafiyi ba ya iya yi sai da shi.

Bari mu fara da abin da ke ƙasa. A zangon farko na aikin filin an tsawaita titin saukar jirgi zuwa mita 3,400, abin da ya sa a watan Agusta na 2016, zamanin Shugaba John Mahama, alhazai suka tashi daga Tamale kai tsaye zuwa Madina a karon farko. Zango na biyu an fara shi a 2019, kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya buɗe shi a watan Agusta na 2023. Ya ci dala miliyan 70. A cikinsa akwai ginin fasinjoji mai faɗin murabba'in mita 5,000 da aka tsara don ɗaukar mutum 400,000 a shekara, da teburan awon kaya takwas, da ƙofofin shiga jirgi biyu, da falon manyan baƙi, da wani gini daban na alhazai, da sabuwar hanya mai kilomita biyar da ta ɓalle daga titin Bolgatanga. A 2024 Shugaba Akufo-Addo ya sanar da sa wa filin sunan marigayi Tolon Naa Yakubu Tali. Sunan filin yana cewa na ƙasa da ƙasa ne, amma in ka cire jigilar alhazai, jiragen da ke tashi kullum na Africa World Airlines ne da PassionAir, kuma mafi yawansu Accra suka nufa. Tafiyar awa ɗaya ce, a maimakon awa goma ko sha biyu da mota kan yi a kan hanyar da ta kai kilomita 600.

Su wa ke hawa waɗannan jirage a kai a kai? Duk mun san su. 'Yan majalisa, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka cika Tamale, malaman jami'ar UDS, likitoci, 'yan kwangila, da manyan 'yan kasuwar Aboabo masu saro kaya daga Tema. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, ɗan kasuwar hatsi, da muka taɓa tattauna maganar bayan sallar la'asar. Ya ce mini, "Malam, kai ba ka san wahalar ba. Mutum ya bar gida tun asuba, ya zauna awa biyu, ba inda zai miƙe ƙafa, ga waya tana ta ƙara." Na ce, "Gaskiyarka, Baba Alhaji. To amma tsohuwar da ke kusa da kai, wadda za a kai asibiti Accra, ita ina za ta miƙe tata ƙafar?" Ya yi dariya ya ce, "Ku malamai ba a cin ku da baki." Ba wai na kayar da shi ba ne, don kukansa na gaskiya ne. Sai dai kukan nasa da na tsohuwar a zaure ɗaya suke, kuma nasa ne kawai ke da hanyar isa kunnen masu mulki.

Yana da kyau mu san asalin wannan falo da ake magana. Kamfanin American Airlines ne ya fara buɗe irinsa a 1939 a filin jirgin LaGuardia da ke New York, ya sa masa suna Admirals Club. A farko ba a shiga sai wanda shugaban kamfanin ya ga dama ya gayyata. Da ƙorafin nuna bambanci ya yi yawa, sai aka mayar da shi na duk wanda ya biya kuɗin rajista. Daga nan abin ya zama kasuwanci. Kamfanin jirgi yana ba ka maki gwargwadon tafiyarka, in makin ya taru ya buɗe maka ƙofar falo, don kada ka koma wa abokin hamayyarsa. A 1992 aka kafa Priority Pass, katin da ke shigar da mai shi falo sama da 1,300 a duniya ko da wane jirgi ya hau. Bankuna suna saye su haɗa wa manyan kwastomominsu, mai falo kuma ana biyansa a kan kowane kai da ya shiga. Da aka buɗe gini na uku a filin jirgin Accra a 2018, shi ma ya zo da irin waɗannan faluka, kamar Adinkra da Sanbra.

To me ya faru a inda abin ya fi ci gaba? Cunkoso. A Amurka mutane sun riƙa yin layi a ƙofar falon da suka biya kuɗi don su guje wa layi. Kamfanin Delta a 2022 ya hana shiga falonsa sai saura awa uku jirgi ya tashi, a 2023 kuma ya sanar da rage yawan shigar masu katin banki, har kwastomomi suka yi ca a kansa ya sassauta. Darasin a fili yake. Mutane suna tururuwa zuwa falo ne saboda zauren waje ba daɗin zama. In zauren kowa yana da kujera isassa, da sanyi, da wurin cajin waya, da ban-ɗaki mai tsabta, mutum kaɗan ne zai damu da falo, kuma su kaɗan ɗin za su same shi yadda suke so. Wato ko don amfanin su Baba Alhaji, gyaran zauren jama'a shi ne farko.

Akwai kuma wani bambanci da muke yawan haɗewa, alhali abu biyu ne. Falon kasuwanci daban, falon manyan baƙi daban. Na farko kuɗinka ne ke shigar da kai. Na biyu muƙaminka ne, ko sanin wani da ya san wani. Ban ce shugaban ƙasa ko Ya-Na ya bi layi da mu ba. Tsaro da girman sarauta suna da hakkinsu, kuma mu mutanen arewa ba a koya mana girmama manya. Abin da nake tsoro shi ne jerin sunayen ya yi ta tsawo: minista, mataimakinsa, ɗan majalisa, shugaban gunduma, shugaban jam'iyya na yanki, sai matansu, sai masu riƙe musu jaka. Ranar da duk mai iya buga waya a gyara famfo ya koma shiga ta ƙofar gefe, famfon zauren jama'a zai daɗe bai ga mai gyara ba. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In mai ɗakin ya daina kwana a ciki fa?

Mu malamai mun san wannan ciwo tun kafin a zo maganar jirgi. Makarantar gwamnati ta fara lalacewa ne daga lokacin da masu yanke hukunci a kanta suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa in mai duba makarantu yana son sanin ko ana koyarwa a aji, kada ya tsaya a bencin gaba inda masu ɗaga hannu suke. Ya wuce can baya ya buɗe littafin yaron da ke jikin bango. Filin jirgi ma haka ne. Hoton falo mai kafet da ake sawa a Facebook bencin gaba ne.

Sai maganar wa zai biya. Dala miliyan 70 ɗin nan ba kyauta ba ce, rance ne da aka samo ta hannun hukumar tallafa wa fitar da kayayyaki ta Birtaniya da wani bankin Jamus. Bashin da hukumar gwamnati ta ci, ko ta wace hanya aka bi, a wuyan 'yan ƙasa yake ƙarewa. Mai sayar da koko da ƙosai a bakin titin Sakasaka, da yaron da ke tuƙa keke mai ƙafa uku daga Aboabo zuwa Lamashegu, da ni mai riƙe alli, duk muna ciki, ko da ba mu taɓa taka matattakalar jirgi ba. Saboda haka ba daidai ba ne a ƙara ɗora mana kuɗin shayin wanda ya fi mu samu. Hanyar da ta dace sananniya ce: kamfanin kula da filayen jiragen sama na Ghana ya ware wuri, ya yi tallar kwangila a fili, ɗan kasuwa ya karɓa ya zuba kuɗinsa, ya sa farashi a ƙofa, ya riƙa biyan haya. Kuɗin hayar kuma a san inda suke zuwa, a sa su a gyaran zauren kowa. In aka yi haka, duk kofin shayin da Baba Alhaji ya sha a ciki ya taimaka wajen sayen sabulun ban-ɗakin waje, kuma ba mai jin haushin kowa.

Yanzu mu zo kan ma'aunin kyau. Da me za mu auna falo ko zaure a gari irin namu? Ni ina ganin ba sai mun je Doha aron ma'auni ba, don sunan unguwanninmu ma ya ishe mu. Kalmar zango da ake kiran mazaunin Hausawa da ita a duk faɗin Ghana, asalinta wurin da ayarin fatake ke yada zango ne. Kakanninmu da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga sayen goro suna shafe watanni a hanya, su ne masu yawan tafiya na zamaninsu. Abin da madugu ke dubawa kafin ya ce a sauke kaya bai da yawa: akwai ruwa? Akwai inuwa? Akwai wurin salla? Za a samu abinci? Kaya za su kwana lafiya? Akwai wanda zai ba da labarin hanyar gaba? Jirgi ya maye gurbin jaki, amma buƙatun nan shida ba su canza ba.

A ɗauki ruwa da wurin salla. Yawancin mutanen Tamale Musulmi ne, kuma jirgin asuba da na yamma duk suna cin karo da lokacin salla. Falon da ke da talabijin mai faɗin bango amma mutum sai ya ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu kafin ya yi alwala, wannan an kwafo shi ne daga wani wuri ba a dube mu ba. Wurin alwala mai ɗan dakali na zama, da magudanar ruwa, da ɓangaren mata mai sutura, da ɗakin salla a cikin wurin jira bayan an wuce bincike, ba su kai kuɗin kujerun fata goma ba. Tamale kuma gari ne da kowa ya san yadda ruwan famfo ke wahala da rani, don haka tankin ajiya da ba ya ƙafewa ya fi kowane ado muhimmanci. A watan Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40. Ruwan sha mai sanyi a farashin da bai ninka na gari sau uku ba hakki ne na matafiyi.

A ɗauki abinci. Me ya sa baƙon da ya sauka a babban birnin arewa zai tarar da biskit da lemon gwangwani kawai, irin wanda zai samu a kowane filin jirgi a duniya? Muna da fura da nono, da wagashi, da naman zabo, da zoborodo, da waake da shinkafa da duk Ghana ke ci da sunan da ya samo asali daga bakinmu. In za a ba da kwangilar falo, a sa sharaɗin cewa wani kaso na abincin daga hannun matan garin nan zai fito, a koya musu ƙa'idar tsabta da shiryawa. Man kaɗanya da rigunan saƙi na arewa su samu kanti. Ta haka ne falon zai zama kasuwa ga mutanen da ba za su taɓa zama a cikinsa ba.

Sai labarin hanya, wanda a ganina ya fi duka. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rufe sararin arewa, jirage su yi jinkiri, wani lokaci a soke tashi gaba ɗaya. Wannan ikon Allah ne, kuma matuƙin da ya ƙi sauka cikin hazo ya kyauta. Abin da ke hannun mutum shi ne faɗin gaskiya da wuri. Na taɓa zama a wani filin jirgi a ƙasar nan, a hanyar dawowa daga taron bita na malamai, wani kamfani ya bar mu fiye da awa huɗu ba wanda ya fito ya ce uffan. Abin da na lura da shi shi ne wasu 'yan ƙalilan sun tashi sun tafi tun awa ta farko, don akwai wanda ya raɗa musu cewa jirgin ba zai zo ba. Mu da ba mu san kowa ba muka zauna har motocin dare suka cika. Labari bai kamata ya zama gatan 'yan falo ba. A sanar da kowa a lokaci ɗaya, a lasifika da allo, da Turanci da Dagbanci da Hausa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba a cin rance kafin a yi ta.

Ban manta da alhazai ba, don a nan ne maganar ta fi nauyi. Mai zuwa Accra sau arba'in a shekara ana kiransa babban kwastoma. To maniyyaciyar da ta taso daga Bawku ko Walewale ko Bimbilla ko Wa fa? Kuɗin kujera ya kai sidi 75,000 a 2024, aka rage shi zuwa 62,000 a 2025. Wannan kuɗi ne da ya fi abin da yawancin masu zuwa Accra ke kashewa a tikiti cikin shekara guda. Ita ta tara nata ne shekara da shekaru, wata ta sayar da shanu, wata 'ya'ya ne suka haɗa mata. Da yawansu tsofaffi ne, wasu ba su taɓa shiga jirgi ba, ba sa jin Turanci, ga ciwon ƙafa ga hawan jini. Shekaru da dama filin wasa na Aliu Mahama ne ya zama sansaninsu kafin tashi. Yanzu da aka yi musu gini a filin jirgi, shi ne falon da ya kamata mu fi sa wa ido: ban-ɗaki nawa ne na mata, kekunan tura marasa ƙarfi nawa ne, ina ma'aikatan lafiya za su zauna, ina 'yan rakiya za su tsaya a inuwa, kuma wa ke kula da ginin a sauran watanni goma sha ɗaya don kada a buɗe shi ana saura mako guda a tarar da famfo ya yi tsatsa. Saudiyya ta gina wa alhazai tasha tasu a Jidda tun 1981, mai rufi kamar tantuna don iska ta riƙa ratsawa, saboda ta gane cewa jiran alhaji daban yake da jiran ɗan kasuwa. Mu ma sai mu tsara namu da sanin haka.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce masu zuba jari da baƙi 'yan yawon buɗe ido da ke wucewa zuwa gandun dajin Mole da masallacin Larabanga suna auna gari ne da abin da suka fara gani, don haka falo mai kyau talla ce ga arewa. Na yarda, shi ya sa ban ce kada a yi ba. Amma baƙon nan kafin ya kai falo sai ya bi ta wurin ɗaukar kaya, ya shiga ban-ɗakin kowa, ya yi ciniki da direban tasi. In waɗannan sun ba shi haushi, kafet ba zai wanke mu ba. Za a kuma ce, malam, makarantarka ba ta da isassun bencina, me ya kai ka maganar masu jirgi? Amsata ita ce aljihu ɗaya ne ake ɗiba. Duk sidin gwamnati da aka kashe don jin daɗin mutum hamsin, an hana shi wani wuri ne, kuma sau da yawa wurin nan aji ne ko ɗakin haihuwa.

Don haka ga roƙona. Ga hukumar filin jirgi: ku bar falon kasuwanci a hannun 'yan kasuwa ta hanyar kwangilar da kowa ya gani, ku taƙaita masu shiga falon manyan baƙi ku kuma wallafa ƙa'idar, sannan ku liƙa lambar wayar kai ƙorafi a zauren jama'a, wadda in an buga za a ɗauka. Ga 'yan majalisarmu na yankunan arewa biyar: ko sau ɗaya a wata ku bi layin kowa, ku zauna inda muke zama, ku shiga ban-ɗakin da muke shiga. Gani ya kori ji. Ga limamanmu da sarakunan zango da wakilan hukumar alhazai: ku nemi a zagaya da ku ginin alhazai wata biyu kafin fara jigila, ku tafi da mata a cikin tawagar, don su ne za su ga abin da ku ba za ku gani ba. Ga su Baba Alhaji masu yawan tafiya kuma: muryarku tana da nauyi a wurin kamfanonin nan fiye da tamu. In kun tashi neman kujera mai laushi, ku haɗa da wurin alwala da sanarwa da Hausa da Dagbanci a cikin buƙatunku. Ranar da hajiyarku za ta tashi zuwa Makka, ko ranar da za a kai jikanku asibiti, katin falonku ba zai shigar da su duka ba. A zauren kowa za su zauna.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.